Hukuncin Bibiyar Taurari da Kallon Abubuwan da Ke Faruwa a Sama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da sha'awar kallon sama da daddare, har na sayi madubin hangen nesa, ina bin jadawalin da ke nuna ranakun husufi da dararen da taurari ke yawan faɗowa. Wani ya ce mini wannan bokanci ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da kake yi halal ne, in ka haɗa shi da tunani a kan ikon Allah ma akwai lada. Bukhari ya ruwaito cewa daren da Ibnu Abbas ya kwana a ɗakin Maimuna, 'yar'uwar mahaifiyarsa kuma matar Annabi (SAW), Annabi (SAW) ya farka ya dubi sama, ya karanta ƙarshen Ali Imrana, ayoyin da ke cewa a cikin halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da yini akwai ayoyi ga masu hankali. A Suratun Nahli, aya ta 16, Allah ya ce da taurari mutane ke gane hanya.

Wanda ya yi maka magana yana nufin hadisin Abu Dawuda ne, cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Hadisin tabbatacce ne, sai dai ba a wurinsa ya ajiye shi ba. Malamai irin su Khaɗɗabi da Ibnu Rajab sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na lissafin tafiyarsu, don sanin alƙibla da lokuta da yanayin shekara, wannan babu laifi. Akwai kuma na da'awar cewa tauraro kaza ne ke kawo arziki ko mutuwa, ko a dubi burujin da aka haifi mutum a faɗa masa halinsa da wadda za ta dace da shi a aure. Wannan shi ne haramun, ko da a waya mutum yake karantawa yana cewa wasa ne. Ni dai ban yarda da wannan uzuri na wasa ba, domin da kaɗan-kaɗan yake shiga zuciya.

Taurari masu faɗowa kuwa, Muslim ya ruwaito cewa wani tauraro ya faɗo Annabi (SAW) yana zaune da sahabbai, ya tambaye su me suke cewa a jahiliyya. Suka ce: an haifi wani babba, ko wani babba ya mutu. Ya ce ba a jifa da su don mutuwar wani ko rayuwarsa. Saboda haka ka fita a daren 12 zuwa 13 ga Agusta, ko 13 zuwa 14 ga Disamba, lokutan da suka fi yawa, ka kalla, amma kada ka ƙudurta cewa buri yana cika idan aka yi shi a daidai faɗowarsu. Masana sun ce ɓurɓushin duwatsu ne ke ƙonewa in sun shigo iskar duniya. Sanin wannan sababi bai kore abin da Alƙur'ani ya faɗa ba na jifan shaiɗanu da su, don wancan gaibu ne da madubi ba ya gani.

Jadawalin husufi ma lissafi ne, ba duba ba. Ibnu Taimiyya ya bayyana cewa husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai a dararen cikarsa, kuma masu lissafi suna iya saninsa. Amma in ya faru, ka ajiye madubi ka tashi ka yi salla, haka aka umarce mu ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu rana ta yi husufi. A mazhabar Malikiyya ana sallar husufin rana cikin jam'i, ta wata kuma kowa ya yi shi kaɗai raka'a bibbiyu. Ba a fara salla sai an ga husufin da ido.

Kada ka kalli rana kai tsaye, balle ta cikin madubi, sai da matacin da aka yi don haka, domin yana makantarwa, cutar da kai kuma haramun ne. Kada hirar dare ta sa ka makara sallar Asuba. Wallahu a'alam.