Amsa ga Kawu: dalilin da kuɗin gidan ba su iso ba tukuna

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce mai filin nan na unguwar Zariya a Maradi ya zo maka karo na uku, har an fara cewa ko dai ba da gaske nake ba, tunda wata biyu ke nan da na ce na sami mai sayen gidana na birnin Liyon a nan Faransa amma ko dala ba a gani ba. Ka ce wane irin ciniki ne wannan, an sallama amma kuɗi ba su shiga hannu ba? Tambayarka tana kan hanya, don ni ma da a Maradi nake zaune haka zan tambaya.

A gida, in farashi ya faɗa, dillali ya haɗa hannuwa, a kira shaidu, mai unguwa ya sani, a yi fatiha, a ba da la'ada. Abin da ke riƙe cinikin mutane ne: an san uban mai gidan, an san wanda ya yi ginin, maƙwabci ya san inda katangar ta tsaya. Nan Faransa ba wanda ya san uban wani. Matar da za ta sayi gidana sau biyu kawai na taɓa ganinta. Saboda haka duk abin da maƙwabta da dattawan unguwa za su faɗa da baki, nan takarda ce ke faɗinsa, kuma mutum guda ne doka ta ɗora wa tattara su, wanda ake kira noter. In ba da sa hannunsa ba, gida ba ya tashi daga sunan wani zuwa na wani.

Tun kafin a yi maganar kuɗi, dole mai sayarwa ya ɗauko mai bincike, ya biya shi daga aljihunsa, ya zo ya tone aibin gidan. Nawa ya zo da safe da ƴar jakarsa, ya yi kusan awa uku. Ya kwance murfin akwatin lantarki, ya leƙa bayan murhun gas, ya ɗora wata ƴar na'ura jikin bango tana harba jan haske yana rubuta awo. Ni shekara goma sha ɗaya ina cewa gidana murabba'in mita 65 ne, shi ya samu 62. Ba a lissafa baranda, ba a lissafa wurin da tsayinsa bai kai mita 1.80 ba. Kuma ba ƙaramar magana ba ce, don in awon da ka rubuta ya zarce na gaskiya da fiye da kashi 5 cikin ɗari, mai saye yana da shekara guda ya dawo a rage masa kuɗi.

Sauran binciken ya danganta da shekarun gini. Wanda aka yi kafin 1949 ana neman dalma a fentinsa. Wanda aka ba izinin gininsa kafin Yulin 1997, kamar namu, ana neman amiyant, wani abu da aka riƙa sa wa gini wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Wayoyin lantarki da bututun gas in sun haura shekara 15 sai an duba su. A wasu yankuna har gara ake nema. Akwai takardar da ke ba gida maki daga A zuwa G kan wutar da yake ci wajen ɗumama shi lokacin sanyi, kuma wannan harafi guda yana ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Akwai wadda ke faɗin ko unguwar tana cikin hatsarin ambaliya. Da na karanta ta sai na tuna labarin da kake ba mu na ruwan 1945, da Gulbi ya ci tsohon gari har mutane suka hau tudu. Nan sai an rubuta wa mai saye irin wannan kafin ya sa hannu.

Da yake gidan nawa ɓangare ne cikin bene mai masu gida da yawa, akwai wata tarin takardun kuma: dokokin zaman benen, bayanan taron masu gidaje na shekara uku da suka wuce, da shaidar ko ana bina bashin kuɗin shara da na gyaran rufi. Takarda guda daga cikinsu, wadda mai kula da benen ke bayarwa, doka ta ƙayyade kada kuɗinta su wuce yuro 380, wato kusan jaka 250 na sefa. Takarda ɗaya ke nan, Kawu.

Inda na fi shan wuya shi ne tambayoyi. Noter na mai saye ya aiko su a rubuce: wane gyara aka yi cikin shekara goma da suka wuce, wa ya yi, ina rasit, ina inshorar ma'aikacin? Me ya kawo tabon da ke saman makewayi? Tabon nan ruwa ne ya taɓa zubowa daga maƙwabcin sama, an gyara, fenti ne bai rufe sosai ba. Wani abokina ya ce in sake shafa fenti in yi shiru. Ban yi ba. Na nemo wasiƙun kamfanin inshora na miƙa. A dokar nan, in ka ɓoye aibi da saninka, mai saye yana da shekara biyu daga ranar da ya gano shi ya kai ka kotu. Amma ko babu kotu, kai ka karantar da mu hadisin masu ciniki biyu, cewa in sun yi gaskiya sun bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya a shafe albarkar. Ya taɓa ni ƙwarai da na ga abin da na koya a zaurenka ya zo mini cikin ambulan a ƙasar da ba ta Musulmi ba.

Akwai kuma laifin da yake nawa. Shekarun baya na sa an rufe barandar da gilashi don matata ta sami wurin ajiye buhun gero da kayan miyar da ake aiko mana. Ban nemi izinin taron masu gidaje ba, ban ma san ana nema ba. Da tambaya ta zo, babu takarda. Sai da na cire gilashin na mayar da wurin yadda yake, abin da ya ci mini mako uku.

Ita ma matata sai ta sa hannu. Ko da sunan miji kaɗai ne a takardar gida, in dai nan iyali ke zaune, ba a sayar da shi sai da yardar matar.

Mu ƴan gida da ke nan mun koyi wannan ne da wahala, shi ya sa muke da ƴar al'adarmu. Duk wanda ya sayi gida, manyanmu za su ce ya tanadi jakar takardu guda, kada ya yar da ko rasit ɗin famfo. Ranar zuwa wurin noter ba a barin mutum shi kaɗai, sai wanda ya taɓa yi ya raka shi, don Faransancin takardun nan ba irin na lakkol ba ne. Abin da ya fi tsorata mu shi ne gado. Wani bawan Allah daga cikinmu ya rasu ya bar gida, da ƴaƴa nan da kuma gida Nijar. Noter ya ce ba zai sayar ba sai ya ga takardar haihuwar kowane magaji da takardar aure. Auren farko a masallaci aka ɗaura shi, ba a rubuta ko'ina ba. Fiye da shekara gidan yana rufe, ana biya masa haraji, marayu suna jira. Tun daga nan kowa ya shiga neman takardun iyalinsa.

Ga inda nake yanzu. Mun sa hannu a takardar alkawari. Bayanta mai saye yana da kwana 10 da zai iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba, ni mai sayarwa ba ni da wannan dama. Kwanakin sun wuce, ba ta fasa ba. Ta ajiye kafin alƙalami, wanda yawanci kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari, amma a asusun noter yake, ko taɓa shi ba zan iya ba. Tana jiran amsar banki kan rance, in suka hana ta, ciniki ya warware a mayar mata da kuɗinta. Sannan an sanar da ma'aikatar magajin gari, don tana da ikon ta riga kowa sayen gidan in tana buƙatarsa, kuma ana ba ta wata biyu, in ta yi shiru ta haƙura ke nan. Ka ga kamar shufu'a ce, sai dai hukuma ce ke da ita. Gaba ɗaya abin yakan ɗauki wata uku. Ranar ƙarshe noter zai karanta mana takardar da babbar murya, mu sa hannu, in miƙa makullai. Kuɗin ta banki za su bi, ba a ƙirga su a hannu, kuma sai ya fara biyan ragowar bashin da banki ke bina kafin saura ya iso gare ni.

Don haka ka ba mai filin haƙuri, ka ce masa nan da mako biyar ko shida, in Allah ya yarda. Kafin nan ina da roƙo. Ka sa ya kawo takardar filin ta asali, a duba ko sunansa ne a kai. In gado ne, a san magada nawa ne, kuma ko duk sun yarda, har matan da ke gidan aure. A je ma'aikatar magajin gari a tabbatar lambar filin ba ta kan sunan wani. In yaran gida sun ɗauki hoton takardun gaba da baya, su turo mini ta WhatsApp in duba kafin Juma'a.

A gaishe mini da Inna da su Goggo.