Muryar Yaya a guruf kan zuwa taron kunkurun teku

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, ina kan hanya ne ba zan iya taifin ba. Ƙanenmu da ya yi tambaya jiya da daddare, wai malaminsa ya ce ya nemi zuwa taron masana kunkurun teku, shi kuma yana ganin me ya haɗa ɗan Gombe da teku tunda ruwanmu bai wuce Dadin Kowa da Balanga ba, sai kuma na ga wani ya ce ai yawon cin alawus ne kawai. To ƙanena saurara, in ka samu dama ka je, wallahi kar ka tsaya wasa.

Ka gane, ita dabbar nan ba ta san boda ba. Kala 7 ne a duk duniya, biyar a ciki suna yawo a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma. Wadda ta yi ƙwai a Gabon, inda aka fi ko'ina samun manyan nan masu baya kamar fata, wasu har sun haura kilo 500, sai ka ji ta tsallaka teku ta nufi wajen Burazil. To kai in kana zaune ƙasa ɗaya rabin labarin kawai ka sani, sauran rabin yana hannun wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba. Shi ya sa tun 1999 ƙasashen Afirka na gaɓar Atlantika suka yi yarjejeniya a Abijan kan kare su, kuma shi ya sa masu binciken suke haɗuwa duk shekara. Na 2024 a Tailan aka yi, na Maris 2025 kuwa nan kusa aka yi shi, Akara a Ghana, karo na farko kenan da babban taron ya zo Afirka, ko biza ɗan Najeriya ba ya buƙata.

Kuma maganar gaskiya ba jawabin cikin hol ne ribar ba, wannan ko a intanet za ka karanta. Ribar tana wajen fosta, inda masu bincike suke manna aikinsu a allo, da wajen shan shayi. A takarda za a rubuta maka an auna zafin ramin ƙwai, shike nan, amma in kana tsaye gaban mai aikin sai ya zaro maka ɗan na'urar daga jaka, ƙarama ce, ya nuna maka yadda ake cusa ta tsakiyar ƙwai sama da ɗari lokacin da uwar take cikin zubawa kafin ta rufe yashi, a bar ta wajen wata biyu, ya gaya maka wadda ruwa ya shiga ta lalace da wadda karnuka suka tono masa, irin abin da ba wanda yake bugawa a mujalla. Kuma me ya sa ake aunawa? Domin zafin yashi ne yake yanke mace ko namiji. Wajen digiri 29 ake samun rabi da rabi, in ya haura mata su yi yawa. A arewacin Ostareliya binciken 2018 ya nuna ƙananan da aka duba sama da kashi 99 cikin ɗari mata ne. To kada ma haka yake, zafi ne yake raba jinsinsa, ga su nan a kogin Gaji cikin Yankari, kai da kake neman abin da za ka yi mastas a kai ba ka ga ƙofa ba? Yadda suke maƙala lamba a hannun kunkuru su gane shi bayan shekaru, dabarar bibiya ce da za ta yi maka amfani kan kififiyar da masunta suke kamawa a dam ɗinmu.

Sai maganar masunta, nan ne ni abin ya fi burge ni. Jiragen kamun jatan lande suna jan koma kunkuru ya shiga ya kasa fitowa shan iska ya mutu. Sai aka ƙirƙiro wani ƙarfe kamar na tagar gida a cikin komar, jatan landen ya wuce ta tsakanin sandunan, kunkurun ya bugi ƙarfen ya fice ta wata kafa. Amurka ta kafa doka a 1989 cewa ba za ta sayi jatan landen ƙasar da ba ta kare kunkuru ba, jiragenmu na Legas ma sai da suka saka. Yadda aka shawo kan mai neman abinci ba tare da an hana shi sana'a ba, ai matsalarmu kenan da mafarauta da makiyaya a gefen daji, je ka ji daga bakin waɗanda suka yi fama.

Kuɗi kuma, ƙungiyar da ke shirya taron tana ba ɗalibai tallafin tafiya, har gwanjo suke yi a wajen taron don tara kuɗin, amma sai ka tura taƙaitaccen bayanin aikinka da wuri. Kar ka je hannu rabbana, ko ƙaramin aiki ne ka buga fosta, kuma kar ka maƙale wa 'yan Najeriya kaɗai. Fasfo ɗinka ka fara da shi yanzu don yana cin lokaci. Ka turo min abin da ka rubuta ta bayan fage in duba maka bayan isha'i. Bari in tsaya, na iso shingen 'yan sanda.