Ni kore nake so, su kuma sun ce ruwan toka

Tambaya: Anti barka da aiki. Mun kusa gama ginin gidanmu, saura fenti da tayil. Ni tun ina yarinya kore mai duhu nake so, kuma akwai wani tayil mai zanen furanni da ya shiga raina, amma yayar mijina da mai fentin duk sun ce a yi fari da ruwan toka kawai, wai shi baya tsufa kuma in an tashi sayar da gidan ba za a sha wahala ba. Dan Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Amsa: Yawwa ƙanwata, Allah ya sa a shiga lafiya. Kin ga maganar nan ta wai ruwan toka baya tsufa, ni ban yarda da ita ba sam. Shi ma yayi ne. A shekarun 1970 a Amurka kicin da yawa kore ne irin na avokado, har firji da murhu, kowa na ganin ya gama haɗuwa, bayan shekaru aka dinga cirewa ana kaiwa bola. Ruwan tokan nan kuma a shekarun 2010 ya mamaye ko'ina, yanzu masu kwalliyar gida da yawa sun koma ruwan madara da ruwan ƙasa. Kamfanin Pantone mai tsara kaloli ma tun shekarar 2000 duk shekara sai ya fitar da kalar shekara, to ina abin da baya tsufa a nan? Ko Le Corbusier, mai zanen gine-ginen da ya yi suna wajen farin bango, a 1931 da kansa ya tsara kaloli 43 don a yi amfani da su a cikin gida.

Amma fa yayar mijinki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ta haɗa fenti da tayil a kwando ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Fenti in ya gundure ki kwana biyu an shafe shi. Tayil kuwa sai an fasa, ga ƙura, ga siminti, ga fitar da kaya waje, wani lokacin har bututun ruwan da ke ƙasa ya samu matsala. Don haka ƙasan falo da kabad ɗin kicin ki bar su a kala mai sanyi wadda za ta ɗauki komai, shi kuma tayil mai furannin nan kar ki haƙura da shi, ki sa shi a ƙaramin wuri, bangon bayan wurin wanke-wanke ko banɗakin baƙi, inda ko an ce a canza ba wani babban aiki ba ne.

Koren kuwa wallahi ki yi abinki. Ke za ki farka a ɗakin nan kullum, mai sayen da ake tsoro ba a ma san ranar zuwansa ba, kuma in ya zo shi ma nasa fentin zai yi. Abu ɗaya dai, kala mai duhu tana shanye haske, in falon tagarsa ƙarama ce ki yi bango ɗaya tak, wanda kujeru za su jingina da shi. Kafin a sayi bokiti-bokiti ki sa mai fentin ya shafa miki kamar mita ɗaya a bangon, shafi biyu, ki bari ya bushe ki duba da safe, da rana, da dare an kunna wuta, domin ƙwan fitila mai 2700K, wato lambar da ke nuna kalar haskensa, yana ja wajen rawaya sai koren ya yi ɗumi, mai 6500K kuma fari ne tas har yana ɗan shuɗi, sai ki ga kamar wani fentin daban. In akwai yara ki zaɓi mai ɗan sheƙi da ake iya gogewa da tsumma, amma ki tabbatar an gyara filastar sosai don mai sheƙi baya rufa wa bango asiri.

Maigidan fa, ba ki faɗa min me yake so ba. Ki tambaye shi kafin mai fentin ya dawo.