Kafin Ka Yi Wa Kamfanin Gwamnati Aiki Bashi

Ka tambaye ni yadda ake gane kamfanin injiniya na gwamnati ya kama hanyar durƙushewa tun bai kai ƙasa ba, tunda ka ga wani ina karɓar gyaran injinsa bashi, wani kuma in ce sai an ajiye kuɗi. To ɗana, buɗe kunnenka.

Kamfanin gwamnati ba ya karyewa irin ta ɗan kasuwa. Mai sayar da rodi a Ƙofar Ruwa in jarinsa ya karye, kafin wata ya mutu kowa ya ji. Na gwamnati kuwa sai ya shekara goma a kwance, allon suna na nan, maigadi na bakin ƙofa, kowace shekara ana sa masa albashi a kasafin kuɗi. Dubi kamfanin ƙarfe na Ajakuta. Tun 1979 aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilar, har yau ba a kunna babbar tukunyar narka ƙarfen ba, amma gwamnati ba ta fito ta ce kamfanin ya mutu ba. Don haka kar ka jira sanarwa. Kafin ta zo, kuɗin irinmu ƙananan masu gareji sun daɗe da maƙalewa.

Akantoci suna da nasu ma'aunin. Wani malamin jami'a a Amurka, Edward Altman, ya fito da shi a 1968: a haɗa abu biyar daga littafin kamfani, irin su jarin juyawa, riba, ciniki da nauyin bashi, a fitar da maki. Ƙasa da 1.81 akwai hatsari, sama da 2.99 lafiya lau. Ba na raina shi. Amma da kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwa ya yi awonsa, na gwamnati kuwa wa ke taya hannun jarinsa? Sannan lissafin yana buƙatar littafin da odita ya duba, alhali wasu sai su yi shekaru ba su fitar ba. Ni a wurina jinkirin nan ma amsa ce.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne wa kamfanin yake bi bashi. Yawanci mai kamfanin shi ne mai ba shi aiki, shi ne kuma mai riƙe masa kuɗi. An yi titi, an gina dam, an rubuta riba a takarda, amma fayil yana can ma'aikata yana jiran sa hannu, kuma manajan da gwamnati ta naɗa ba zai kai ta kotu ba. Daga nan sai a fara ɗaukar kuɗin kafin alƙalami na sabuwar kwangila ana ƙarasa tsohuwa. Ranar da sabon aiki ya daina shigowa, ko aka canza gwamnati, asiri ya tonu.

Kai ba za a nuna maka littafi ba, amma harabar kamfanin a buɗe take. In an aike ka ɗauko famfon mai, kar ka ɗauka ka juyo. Leƙa bayan sito. In ka ga gireda a ɗage kan duwatsu, an zare mata tayoyi da injin an sa wa 'yar'uwarta, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, to sun fara cin jikinsu ke nan. Duba yadda gas yake shigowa: da tanka ake juye musu, ko yanzu jarka-jarka direba ke sayowa da safe? Zauna wurin mai shayin bakin ƙofa ka ji ko albashi yana kai wa tsakiyar wata, ko ana yankar kuɗin fansho ba a zubawa. Ka kuma lura da wanda ya ajiye aiki. Ƙwararren bakanike shi ke fara tafiya, don shi ne ke da wurin zuwa.

Akwai kuma tambayar da mutane ke mantawa: da ƙafar wa kamfanin yake tsaye? Masana'antar rodi ta Katsina da ɗanyen ƙarfen masana'antar Aladja da ke jihar Delta ta dogara, da can ya yi tangal-tangal ita ma sai ta bi. Nan Kano an kafa NTM, kamfanin haɗa manyan motoci, a titin Zariya, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Fiat, ga irinsa Steyr a Bauchi. Kayan haɗin daga waje ake kawo su a akwatuna. Da kuɗin mai ya ja baya, aka kuma karya darajar naira a 1986, kayan suka gagari saye. Duk wanda ke saye da dala yana jiran biya da naira a hannun gwamnati, ka sa masa alama.

Ban ce ka guji aikinsu ba, don in suna da kuɗi aikinsu yana da auki. Amma ka ga biyu ko uku cikin waɗannan alamomi, to kuɗin kayan gyara a hannu tukuna, ladan aiki kaɗai za ka iya bari bashi. Takardar oda kuma a sa mata hannu da hatimi, maganar baki ta wani oga ba ta shiga fayil. Injin ma ba ya barin garejin nan sai an cika.