Amsa ga kocin ƙwallon raga kan rigimar seta da mai duka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari saƙonka, ka ce setanka, wato mai ɗaga ƙwallo don a doka, da babban mai dukan ƙwallonka ba sa ga maciji, har kana tunanin zaunar da ɗaya a benci. To dakata tukuna.

Ka san ƙwallon raga taɓawa uku ce, kuma in ba wajen tare duka a raga ba, mutum ɗaya ba ya taɓa ta sau biyu a jere. Yaron nan duk tsallensa, in seta bai ɗaga masa ba, kallo zai yi. Su biyun sun san haka, girman kai ne kawai.

Don Allah kar ka tsayar da su gaban sauran yara ka ce a yi sulhu, kowa zai ƙara taurin kai ne. Kira su ɗaya-ɗaya bayan atisaye. Yawanci maganar ba ta wuce "yana manna min ƙwallo a jikin raga", ɗayan kuma ya ce "in ya ɓarar sai ya harare ni gaban 'yan kallo". Shi ke nan fa. Sai ka sa su riƙa zuwa fili kafin kowa, su biyu da ƙwallo. Seta ya ɗaga, mai duka ya faɗa da bakinsa: ƙara sama, janye ta daga raga, yi sauri. Dole su yi magana.

Ni a wurina doka ce, wanda ya ɓata ya ɗaga hannu ya ce "nawa ne", sannan su shidan su haɗu a tsakiya su tafa, an ci maki ko an rasa.

Af, kar ka manta da libero, ɗan wasan baya mai tare ƙwallo kafin ta faɗi ƙasa. Tun 1998 da aka shigo da shi, shi ke zubewa ƙasa, a filayenmu na siminti gwiwa duk ta kurje, amma tafi na mai duka ne. Ka riƙa yabonsa da suna, kowa ya ji.

Hutun da kake nema a wasa kuma, biyu ne a kowane set, wato zagayen wasa, daƙiƙa 30 kacal. Ba lokacin faɗa ba ne, gyara ɗaya za ka faɗa su koma.

In an yi mako biyu harara ba ta daina ba, a nan ne za ka zaunar da mai dukan set guda, ko da shi ke ci maka maki. Ka sanar da ni yadda ta kaya. Sai da safe.