An dakatar da tallafin kuɗin da nake karɓa, zan iya kai ƙara?

Tambaya: Barista, rikici ne ya sa na tsallako iyaka da 'ya'yana uku. Mun yi wata shida muna karɓar tallafin kuɗi, sai kawai aka daina. Wani ya ce in ba shi ɗan wani abu ya mayar da sunana. Me doka ta ce?

Amsa: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Wannan mutumin kada ki ba shi ko sisi. Rajista da duk wata hidimar hukumar UNHCR, wato hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ce, wanda ya nemi kuɗi damfara yake yi, kuma kina iya kai rahotonsa a asirce.

Batun kotu kuwa, ba zan ɓoye miki ba, da wuya ki yi nasara. Kuɗin da hukumomin agaji ke rabawa ba haƙƙi ba ne da doka ta wajabta. Gudummawa ce, in ta ragu sai a tace sunaye, a bar waɗanda aka ga sun fi rauni. Abin da Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta tanada a sashe na 23 shi ne ƙasar da kike zaune cikinta bisa ƙa'ida ta ba ki irin agajin da take bai wa 'yan ƙasa, sashe na 22 kuma ya ba yaranki karatun firamare. Sai dai wasu ƙasashen sun sa hannu ne da sharuɗɗa.

Fara duba katinki na rajista. Sau da yawa matsalar ba ta wuce katin da wa'adinsa ya ƙare ba, ko an yi tantancewar yatsa ba kya nan, ko kin canza layin waya. In duk lafiya lau ne, je teburin ƙorafi ki nemi dalilin cire ki, ki roƙi a sake duba halin gidanki. Tafi da takardun asibiti in akwai mara lafiya, ki kuma bayyana cewa ke kaɗai ke riƙe da yaran. Ki karɓi lambar ƙorafin, ki rubuta ranar.

Yanke tallafi bai taɓa matsayinki na 'yar gudun hijira ba, sashe na 33 na yarjejeniyar ya hana a mayar da ke inda rayuwarki ke cikin haɗari. Amma kada ƙunci ya sa ki sabunta fasfo a ofishin jakadancin ƙasarku kafin ki ga lauya, domin ana iya ɗaukar hakan a matsayin kin koma ƙarƙashin kariyarta.