Filin tanis a bakin teku: masunta ne ke bugawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Kware. Ɗalibaina sun nuna mini hotunan filayen tanis a bakin teku a Facebook, ga jiragen masunta a bayansu. Shin masuntan ne ke bugawa? Kuma mu da ke da tafki a gefenmu, za mu iya yin irinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Filayen na gaske ne, sai dai akasarinsu ba don masunta aka yi su ba. Positano da ke gaɓar Amalfi a Italiya ƙauyen masunta ne a da, yau kuwa 'yan yawon buɗe ido ke ciyar da shi, kuma filin tanis ɗin garin da ke gindin dutse, ruwa na dab da shi, na otal ne mai tsada. Bastad, ƙaramin gari a bakin teku a Suwidin, yana karɓar babbar gasar tanis tun 1948. Umag a Kuroshiya ya fara tasa a 1990. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na tsibirin Harris a Sukotilan, fili ɗaya tal a gefen wata siririyar hanya, ba otal ba kulob, kowa na iya biya ya buga.

Idan kuma a hotunan akwai koren fili bisa tsibirin duwatsu, kewaye da katakan shanya kifi, wannan na ƙwallon ƙafa ne, a Henningsvaer ta Norway. Daga yankin nan ake kawo busasshen kifin da 'yan kudu ke kira okporoko.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne iska. Ƙwallon tanis bai kai giram 60 ba, iskar teku na kwashe shi tun kafin raket ya same shi, musamman idan an cilla shi sama za a fara wasa. Shi ya sa ake rufe shingen da ƙyalle mai kauri. Ga kuma gishirin da ke cikin iskar, yana cin shingen waya da turakun raga da fitilu, tsatsa ta gama da su da wuri in ba a saka ƙarfe mai rufin zinki ko roba ba. Kuɗin gyaran nan ya fi ƙarfin mai kamun kifi.

Mu a Sakkwato gishiri ba ya cikin damuwarmu. Namu rana ne da ƙura da ambaliya. Kada kyan ruwa ya ja ka cikin fadama, Malam. Duk wanda ya ga ambaliyar da kogin Rima ya yi a 2010 zai ce maka ka hau tudu, ka hango tafkin daga can. Tsawon filin mita 23.77 ne, faɗinsa 10.97 idan bibbiyu za a buga, amma ka nemi wuri kamar mita 36 da 18, don yara su sami wurin ja da baya. Ka miƙe shi kudu da arewa. In ka yi gabas da yamma, ranar la'asar za ta tsaya a idon yaro ɗaya, alhali a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, safiya da yamma kaɗai ake iya wasa.

Filin jar ƙasa ya fi araha, ya fi sauƙi ga gwiwa, amma kullum yana son a yayyafa masa ruwa a daddaɓe, in ba haka ba hunturu ya kwashe shi. A nan kusancinku da tafki zai yi amfani. Siminti ba ya neman ruwa, illa yana tsagewa, yana kuma cin takalmi kamar dutsen niƙa.

Kafin ka je wurin shugaban makaranta da wannan lissafi, ka sami bango mai santsi, ka ja layi a tsayin santimita 91, wato tsayin raga a tsakiya, ka ba yaran raket biyu su yi zango ɗaya suna bugawa. Waɗanda suka rage bayan hutu, da sunayensu za ka rubuta takardar neman fili.